Daga Sadore zuwa Galmi: Ban Ruwa na Ɗigo-ɗigo a Ƙasar Yashi

Yammacin Jamhuriyar Nijar, daga gaɓar kogin Kwara a Yamai har zuwa kwarin Majiya a ƙasar Adar, yanki ne da yashi ya rinjaya a cikinsa, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwan saman da ake samu a shekara kuma yake kai-kawo tsakanin milimita 400 da 600, alhali abin da rana da iska ke iya ƙafarwa a shekara ya haura milimita 2,000. Matafiyin da ya bi wannan hanya a tsakiyar rani, daga Janairu zuwa Afrilu, zai tarar gonakin gero sun koma fili fetal, babu komai a cikinsu sai kututturen kara da itatuwan gawo, amma duk inda ruwan ƙasa ya kusanto sama, ko a bakin kogi ko a cikin tsohon kwari, sai ya ga lambuna kore shar an kewaye su da shingen ƙaya. A cikin waɗannan lambuna ne ake gwada dabarar da ake kira ban ruwa na ɗigo-ɗigo, wato kai wa kowace shuka ruwa a gindinta ta cikin siririn tiyo mai ƙananan ƙofofi, kuma da yake ƙasar da ake gwajin a kanta tana cikin mafi sauƙi da rashin riƙon ruwa a duniya, hanyar ta zama wuri mai kyau na auna abin da wannan dabara ke ƙara wa amfanin gona da abin da ba ta iya ƙarawa.

Tafiyar takan soma da ƙetare gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, zuwa ɗaya gaɓar kogin, inda lambunan kabeji da latas da zogale suka jeru a gefen ruwa. A nan ake ganin tsohuwar hanyar ban ruwa wadda har yau ita ce ta fi yawa. Mai lambu yakan sauka bakin rijiya ko ramin tara ruwa da butocin ban ruwa guda biyu, waɗanda a Nijar ake kira arozuwar, ya cika su, ya hau da su hannu bibbiyu, ya yayyafa wa fangali ɗaya, wato ɗan yankin da aka shata aka shuka, sannan ya komo, haka tun sanyin safiya har rana ta take, ya sake da la'asar. Wanda ya tsaya ya lura da fangalin da aka gama shayarwa zai ga ruwan ya ɓace cikin ɗan lokaci, fuskar ƙasa ta yi duhu, kafin azahar kuma ta koma fara sol, ganyen latas ya lanƙwashe. Masu lambu kan ce ƙasar tana sha ba ta ƙoshi, kuma maganar tasu daidai take da abin da ma'aunin masana ya nuna.

Kimanin kilomita 45 kudu da Yamai, a kan hanyar Sayi, akwai ƙauyen Sadore, inda cibiyar ICRISAT, mai binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, ta kafa reshenta na yankin Sahel a farkon shekarun 1980 a kan fili mai faɗin hekta 500. Ƙasar wurin ja-ja ce mai laushi, irin wadda manomi Bahaushe ke kira jigawa, kuma yashin da ke cikinta ya haura kashi 90 cikin ɗari. Tana da tsami, tana da ƙarancin sinadarin fosforas, ruɓaɓɓen ciyayi da ke cikinta kuwa bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ruwa yakan nutse a cikin yashi da gudun da ya haura milimita 30 a sa'a guda, alhali a ƙasar laka bai wuce milimita 1 zuwa 5 ba, kuma dalilin bambancin shi ne ƙwayoyin yashi manya ne, ramukan da ke tsakaninsu suna da faɗi, saboda haka nauyin ruwa yakan rinjayi ƙarfin da ke manne shi da ƙwayoyin, ya zarce ƙasa inda saiwa ba ta kai ba.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan al'amari gajere ne, amma dukkan bayanin ya rataya a kansa. Ruwan da ƙasa ke iya ajiye wa shuka, wato tazarar da ke tsakanin abin da ya rage bayan rarar ta tsiyaye da kuma matakin da shuka ke bushewa, bai wuce milimita 50 zuwa 100 ba a kowace mita ɗaya ta zurfin yashi, yayin da ƙasa mai gaurayen laka ke ajiye ninki biyu ko fiye. Kayan lambu irin su albasa da latas saiwarsu ba ta zarce santimita 30 ba sosai, wanda ke nufin cewa duk ajiyar da suke da ita a yashi ba ta wuce milimita 15 zuwa 30 ba, kuma tun kafin su sha rabin wannan sun fara jin jiki, ƙananan ƙofofin ganyensu sun rufe, girmansu ya tsaya. A watannin Maris da Afrilu lambu kan buƙaci milimita 7 zuwa 8 a yini. Ma'ana, ƙasar ba ta riƙe wa shuka abin da ya fi na yini guda, duk kuwa da yawan ruwan da aka kwarara mata. Wanda ya cika fangali taf da safe da nufin ya huta kwana uku, kashi mafi yawa na ruwansa ya riga ya wuce ƙarƙashin saiwa kafin rana ta faɗi, ya tafi da taki, shukar kuma ta yi sauran kwana biyun cikin ƙishi. Asarar amfanin gona a ƙasar yashi daga wannan kai-kawo tsakanin ƙoshi da ƙishi take fitowa fiye da ƙarancin jimillar ruwan da aka zuba.

Dabarar ɗigo-ɗigo ta zamani ta samo asali ne daga hamadar Negeb ta Isra'ila, inda injiniya Simcha Blass ya ƙulla yarjejeniya da mazauna ƙauyen haɗin gwiwa na Hatzerim a 1965 aka kafa kamfanin Netafim, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 a kwarin Araba, a kan yashi da ruwa mai gishiri, su ne suka fara nuna cewa ribarta ta fi fitowa a ƙasa mara riƙo. Wanda ya kawo ta Sadore da ƙarfi shi ne Farfesa Dov Pasternak na Jami'ar Ben-Gurion, wanda ya soma aiki da ICRISAT a Nijar a 2001, ya tsara abin da ya kira lambun kasuwa na Afirka. Tsarin bai dogara da inji mai matsa ruwa ba. Ana gina tankin siminti mai cin lita 4,000 a ɗaga shi kimanin mita ɗaya sama da ƙasa, ruwa ya fito ta famfo ya ratsa matata, ya shiga babban tiyo, daga nan ya rarrabu cikin sirara da aka shimfiɗa a kan kunyoyi, nauyinsa kaɗai ke tura shi. An zaɓi lita 4,000 ne saboda ita ce buƙatar lambu mai murabba'in mita 500 a yini idan aka ɗauki milimita 8, domin manomi ya san cewa tanki ɗaya shi ne rabon yini ɗaya ba tare da wani lissafi ba. Idan da butoci masu cin lita 10 za a ɗebi wannan ruwa, sai an cika 400, wato sawu 200 da bibbiyu. An kuma yi ƙaramin samfuri na murabba'in mita 80 wanda durom mai lita 200 ke shayarwa.

Abin da ya fi dacewa baƙo ya nemi a nuna masa a irin wannan lambu shi ne a haƙa rami da shebur a gefen ƙofar ɗigo bayan an gama ban ruwa. A saman ƙasa babu abin gani sai da'ira mai duhu da ba ta fi faɗin tafin hannu biyu ba, tsakaninta da ta gaba kuma yashi busasshe ne mai ƙona ƙafa. Amma idan aka yanke ƙasar aka dubi gefen ramin, sai a ga laimar ta sauka tsaye, siririya, doguwa kamar karas, alhali da a ƙasar laka ne da ta baje gefe ta yi kumburi irin na albasa. Farare-fararen saiwoyi sun cunkushe a cikin wannan ɗan yanki, ba su fita waje ba. Abubuwa da dama na aiki suna fitowa daga wannan siffa. Dole ƙofofin ɗigo su matso kusa da juna, santimita 20 zuwa 30, domin laimarsu ta haɗu ta zama layi ɗaya, dole kuma dashe ya zauna dab da tiyo, domin ɗan tsiron da ya yi nisan taƙi ɗaya da ƙofa yana iya mutuwa da ƙishi a cikin lambun da ake shayarwa kullum. Haka nan barin famfo a buɗe na tsawon sa'o'i ba ya faɗaɗa laimar sosai, zurfi kawai yake ƙara mata, saboda haka ɗigo-ɗigo ma yana iya ɓarnar ruwa a yashi idan aka ba da na yini uku a zama ɗaya. Ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan kullum, a lokacin bazara ma a raba rabon yini gida biyu. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ke cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na ruwan ɗigo-ɗigo na amfanar shuka, na yayyafi 75, na malala 60, suna magana ne a kan tsarin da ake gudanarwa bisa ƙa'ida.

Batun taki ya fi na ruwa tasiri a kan abin da ake girba, ko da yake masu tallar tiyo ba su cika tsayawa a kansa ba. Laka da ruɓaɓɓen ciyayi su ne ke riƙe sinadaran abincin shuka a jikinsu su riƙa sakinsu a hankali, yashi kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, shi ya sa naitirojin da fotashiyam ke bin ruwa su sauka tare da shi. Manomin da ya watsa yuriya sau ɗaya ya biyo ta da malala, ya ciyar da zurfin ƙasa ne da kuɗinsa. A tsarin ɗigo-ɗigo ana narka ɗan taki a cikin tanki a kai a kai, ya isa ga saiwa tare da ruwan yini, ta yadda shuka ba ta samun rara balle ta zube, ba ta kuma rasawa. Sai dai ba kowane taki ke shiga tanki ba. Yuriya na narkewa tas, amma takin nan mai ƙwaya da ake kira kamfa yakan bar laka-laka mai toshe ƙofofi, fosforas kuma yana haɗuwa da alli da ke cikin ruwa ya daskare, don haka ana binne su a cikin kunya tare da takin dabbobi kafin dashe. Takin dabbobin nan ba abin sakaci ba ne, domin shi kaɗai ke ƙara wa yashi ɗan riƙo, kuma da yake saiwar duka tana cikin siririn yanki, lambun ɗigo-ɗigo da ba a ciyar da shi ba yakan cinye abin da ke wurin da sauri fiye da lambun da ake malala wa ruwa.

A nan Sadore ne aka yi gwajin da ya raba tasirin tiyo da na taki da kulawa, aka wallafa sakamakonsa a 2011, Lennart Woltering da Pasternak suna cikin marubutan. An ware filaye uku maƙwabtan juna, kowanne murabba'in mita 500, aka shuka kuɓewa da yalo. Na farko ɗigo-ɗigo ne tare da ingantaccen iri da taki da kulawa, na biyu an ba shi irin wannan kulawar amma da butoci ake shayar da shi, na uku kuwa an bi yadda masu lambun yankin suka saba yi. Na biyu ya zarce na uku da tazara mai yawa ba tare da kashe kuɗin da ya fi nasa sosai ba, na farko kuma ya zarce duka biyun a yawan amfani da riba. A ɓangaren wahala, lambun ɗigo-ɗigo ya ci aikin mutum ɗaya na sa'a 1.1 a yini, na gargajiya kuwa sa'a 4.7, kuma a lambun da ake shayarwa da hannu kimanin kashi 80 cikin ɗari na lokacin mai shi a ɗibar ruwa yake ƙarewa. Wanda ya karanta wannan sakamako da idon basira zai ga cewa babban kaso na ƙarin da ake jingina wa tiyo na iri ne da taki da tsari, kuma cewa abin da tiyon ya fi bayarwa a fili shi ne lokaci. Ya kamata kuma a tuna cewa gwajin a cikin shingen cibiya aka yi shi, inda akwai ma'aikata da kayan gyara da ruwa mai tsabta, babu akuyar maƙwabci.

Daga Sadore ana komowa Yamai a kama babbar hanya mai lamba ɗaya da ta nufi gabas. Bayan kimanin kilomita 60 ana ratsa yankin Kure, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda suka kusa ƙarewa a shekarun 1990, ke kiwo a cikin gonaki, direbobi kan rage gudu domin fasinja su kalla. Daga nan hanya ta gangara daga tudu mai tsakuwa zuwa Dallol Boso a Birnin Gaure. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudana tun zamani mai tsawo, wannan kuwa ya gangaro ne daga Azawak a arewa har ya sadu da Kwara, faɗinsa ya kai kilomita da yawa, cikinsa cike da farin yashi da goruba. Ruwa yana kusa ƙwarai, a wurare da dama mita biyu zuwa biyar, har ana huda rijiyar burtsatse da hannu a yini ɗaya a zura bututun roba. Daga 1996 wani shirin bunƙasa ban ruwa na masu zaman kansu da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yaɗa irin waɗannan rijiyoyi da famfon taka-taka da aka raɗa wa suna Niyya da Ƙoƙari, daga baya ƙananan injunan fetur masu araha suka mamaye wurin, yanzu kuma faifan hasken rana yana shigowa.

Bisa lissafin littafi, nan ne ya kamata tiyon ɗigo ya fi yawa, domin yashin ya fi na Sadore sakwarkwacewa. Amma abin da matafiyi ya fi gani shi ne inji yana ruri, saurayi yana jan mesa daga fangali zuwa fangali. Dalilin ba jahilci ba ne. Inda ruwa ke kusa kuma ba a biyan kuɗinsa, tsiminsa ba ya sanya wa manomi komai a aljihu sai ragin fetur, tiyo kuwa kuɗi ne a dunƙule tun kafin a ga ganye, kuma yakan tsufa a rana cikin 'yan shekaru. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai lambun da ya ranci kuɗin iri ba shi da rarar sayen mita ɗari biyar ko dubu ta tiyo. Ƙarin amfanin da ɗigo-ɗigo zai ba shi gaskiya ne, sai dai shi yana auna shi da abin da inji na biyu ko ƙarin fili zai ba shi da kuɗin guda.

Akwai kuma matsalolin da ba a gani a ranar buɗe aiki. Ƙofar ɗigo ramin da ruwa ke bi a cikinta bai kai faɗin milimita ɗaya ba, tsarin da nauyin ruwa kaɗai ke turawa kuwa ba shi da ƙarfin da zai wanke abin da ya maƙale. Rijiyar da aka huda a yashi tana fitar da ɓarɓashi, tankin da rana ke duka yana yin gansakuka, ruwa mai ƙarfe a jikinsa yana barin jan tsatsa da zarar ya sha iska, kowanne daga cikinsu yana toshe ƙofa. Matata takan buƙaci a kwance ta a wanke ragarta da buroshi kullum, ƙarshen kowane tiyo kuma a buɗe shi lokaci-lokaci ruwa ya fitar da dauɗa. Ƙofar da ta toshe a ƙasar laka maƙwabciyarta kan ɗan rufa mata asiri, amma a yashi shukar da ke gindinta ba ta da wata ajiya, cikin kwana biyu na zafin Afrilu ta yi yaushi, kuma ana iya gane lambun da aka yi wa sakaci daga nesa, tsiro dogo kusa da gajere a kunya ɗaya. Ɓeraye da kurege masu neman ruwa a rani suna gaigayar tiyo, fartanya tana sararsa a wurin nome. Dallol Boso ƙasar kanwa ce, mata na tafasa ƙasarta su fitar da ita, kuma inda ruwan ban ruwa ke da gishiri-gishiri, ɗigo yakan ture shi zuwa gefen laima ya taru can kamar farin zobe. Wannan yana kare saiwa muddin ana ci gaba da shayarwa, amma ɗan yayyafin farkon damina na iya maido da gishirin cikin saiwa, shi ya sa ake barin famfo a buɗe ko ana ruwan sama, har sai mamakon Agusta ya wanke ƙasar. Sai kuma ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙululu, waɗanda yashi mai ɗumi da laima ta dindindin ke yi wa daɗi, ta yadda lambun da ake maimaita shuka ɗaya a layi ɗaya shekara da shekara amfaninsa kan ragu ko da tiyon lafiyarsa lau.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga naɗaɗɗen baƙin tiyo rataye a kan shinge, ko an yanka shi ana ɗaure ƙofar lambu da shi. Ƙungiyoyin agaji sun raba dubban ƙananan kayan ɗigo-ɗigo a ƙasashen Sahel, yawanci kyauta, kuma binciken da aka wallafa a 2015 a kan Burkina Faso ya nuna cewa kaɗan ne daga cikin manoma ke ci gaba da amfani da su bayan shirin da ya kawo su ya naɗe tabarmarsa. Laifin ya fi karkata ga masu rabon, waɗanda ke ƙirga nasara da yawan kayan da suka sauke, ba su tanadi mai gyara ko mai sayar da mahaɗin tiyo a kasuwar ƙauye ba. Inda abin ya ɗore, galibi lambun haɗin gwiwa ne mai ruwa ɗaya da mai kula ɗaya. Misalin da aka fi sani yana gundumar Kalale a arewacin Binin, inda tun 2007 ƙungiyoyin mata ke noma lambunan rabin hekta bisa tsarin Sadore da famfon hasken rana, binciken Jennifer Burney da abokan aikinta na 2010 kuma ya nuna ƙaruwar kuɗin shiga da cin kayan lambu a gidajensu.

Garin Doso, da ke gaba a kan hanya, ba ya tsayar da matafiyi, sai dai ya sha ruwa ya wuce. A Dogon Dutsi, babban garin Arewa, wanda ke cikin Dallol Mauri a gindin duwatsun da suka ba shi suna, harshen kasuwa ya koma Hausa, lambunan rani kuma dankalin turawa ne ya yi fice a cikinsu. A wannan yanki da wasu da yawa na Nijar ana ganin wata dabara ta tsaka-tsaki da ake kira tsarin Kalifoniya, wato bututun roba mai kauri da ake binnewa a ƙasa ya kai ruwa har tsakiyar lambu, ya fito ta bakuna da aka kakkafa, daga nan a malala shi cikin fangali. Ba ya magance zurarewar ruwa a ƙarƙashin saiwa, amma yana kawar da asarar da ake yi a cikin magudanar yashi tsakanin rijiya da shuka, wadda ita ma babba ce, ba ya toshewa, kuma duk mai gyaran famfo na gari ya iya haɗa shi. Yaɗuwarsa ta nuna abin da manoman yankin ke nema a kayan aiki, wato wanda za su iya gyarawa da kansu ranar da ya lalace a tsakiyar bazara.

Bayan kilomita fiye da 400 daga Yamai ana isa Birnin Ƙonni, dab da iyakar Najeriya ta Illela, inda madatsun Mozage da Zango da ke kan Majiya ke shayar da babban filin noman rani da hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ke kula da shi. Gaba kaɗan sai Galmi, garin da jar albasar da ake lodawa zuwa Gana da Kodebuwa da Binin ta ɗauki sunansa. A cikin kwarin ƙasar ta sauya, ta yi duhu da nauyi saboda lakar da ruwa ya kwaso daga tuddan Adar, ana cika ƙananan fangali da ruwa ya tsaya ya nutse a hankali, ya ishi albasa kwanaki. A irin wannan ƙasa babban dalilin ɗigo-ɗigo ya raunana, tunda ƙasar da kanta tana yin ajiyar da tiyo ke maye gurbinta a yashi. Albasa kuma shuka ce mai cunkoso, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, don haka lambu mai murabba'in mita 500 zai ci tiyo mita 1,000 idan aka jera layuka rabin mita tsakani, da ƙofofi sama da 3,000 da kowacce ke iya toshewa, alhali tumatir ko kankana rabin wannan ko ƙasa da haka ya ishe su, zogale da mangwaro da magaryar aure da ake kira tuffar Sahel kuwa ƙasa da haka nesa. Damuwar manomin Galmi ta fi karkata ga farashin da ke faɗuwa warwas lokacin girbi da albasar da ke ruɓewa a cikin rudu, wato rumbun kara da ake adana ta, kuma ƙarin buhu goma a watan da kowa ke sayarwa ba ya warware masa ko ɗaya. Masu sayen tiyo da kuɗinsu a wannan hanya galibi su ne waɗanda filinsu ya hau jigawa a gefen kwari, rijiyarsu ta yi zurfi har kowace lita tana da farashi, suke kuma noman abin da zai iso kasuwar Ƙonni ko ta Yamai a watannin da kayan miya suka yi tsada.